Mai Leƙen Gidajen Sanyinna Daga Sama

Ni Hindatu, da furfurata da komai, na koma koyon Turanci, kuma ɗana Sharifuddeen ne ya jawo mini. Ya tafi Ikko neman abinci, ya auro Khadijat, Bayarabiya mai ladabi, amma ko zo in kashe ki ba ta ji da Hausa. Sunka haifi ɗiya, anka sa mata sunana, ta buɗe baki da Turanci. In ya kira waya ya juyo mini fuskar yarinyar, sai ta yi ta zuba, ni ko ina ta washe haƙora kamar doluwa. Jikata, takwarata, ko "kin ci abinci?" ban iya ce mata ba. Wallahi abin yana ci mini rai. Sun ce da Babbar Sallah za su zo Sanyinna, ni kuma na ɗaura aniyar ba za su tarar da ni bebiya ba.

Ajin manyan mata muke yi, a wani ɗaki na Islamiyyar da ke jikin gidan Liman, Malam Siddiƙ. Shi ya ba da ɗakin, kuma a garin nan in ya ce a daina abu, an daina. Malamarmu Mu'minatu, daga Tambuwal ɗan kabu-kabu ke kawo ta ƙarshen mako. Da farko allo ta riƙa cika mana da rubutu, mu ko sai hamma. Rannan sai ta zo da wata waya mai faɗin faifai, ta buɗe taswirar duniya wadda ke nuna hotunan garuruwa da tituna.

Abin da ta fara nuna mana saniya ce a bakin hanya a wata ƙasar Turawa, an dusashe mata fuska. Ta ce injin da ke ɓoye fuskokin mutane ne ya ɗauka ita ma mutum ce. Munka kwashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce ai saniyar ta fi 'yan matan yanzu kunya. Nan take munka riƙe "cow" da "face", har yau ba su fita kaina ba. Sai wani bawan Allah da hoto ya raba biyu, ƙafafu na tafiya ba gangar jiki: "leg". Sai jirgin sama kwance a ƙarƙashin tafki: "water". Da ta gangaro wajenmu, munka tarar wani ɗan iska ya rubuta wa gonar geron Maccido da ke kan hanyar Kebbe sunan filin jirgin sama. Maccido da ko keke bai da shi! Daga nan munka samu "farm" da "road". Abin da allo ya kasa cusa mini, saniyar nan da 'yan uwanta sun cusa.

Ana cikin wannan daɗi sai Nasiha matar Dikko ta ce a nuna mata Sanyinna. Malama ta ja hoton da yatsu biyu, sai ga garinmu daga sama: masallaci, rumbuna, tsakar gidaje a buɗe. Nasiha ta ƙura ido, ta gano gidansu, ta gano wani ɗan lungu a kusurwa, sai ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Wanga ba makewayinmu ba ne? Ashe muna wanka ana kallonmu!"

Malama ta ce tsohon hoto ne, an ɗauka sau ɗaya daga nesa, ba a ganin mutum. Ina! Wa ya tsaya saurare? Kafin magariba zance ya zaga gari. Washegari gida-gida ana ta ɗora zana da tsofaffin tabarmi a kan makewayi. Nasiha da laima ta riƙa shiga wanka, na ji daga bakin maƙwabciyarta. Na yi wa Nasiha tas, na ce ke da wa zai ɓata man jirgi don ya leƙa ki? Amma ni kaina da na shiga, sai da na ɗaga kai na harari sama.

Dikko ya kai ƙara wajen Liman, wai an kawo na'urar tona asirin matan aure. Liman ya aiko da cewa ranar Asabar zai zo ya gani da idonsa. In gaskiya ne, a kulle aji, kuma Malama kada ta sake tako garin da abin nan. Tuwo ma ya daina mini daɗi. Ga Sallah na ƙaratowa, ga ni da su saniya da ƙafa da ruwa kawai a baki. Da su zan tari jikata?

Ranar Asabar Liman ya zo da sandarsa, Dikko na biye yana hura hanci. Munka ja mayafi, munka gaishe shi. Ya zauna a kan dakalin bakin ƙofa, ya sa tabarau.

"Ɗiyata, nuna min gidan Dikko," ya ce wa Malama.

Ta nuna masa. Ya duba ya duba, sannan ya juya.

"Dikko, tafi gidanka. Ka tsaya tsakar gida, ka tuɓe babbar rigarka ka riƙa kaɗa ta sama. In ana ganinmu, za mu gan ka."

"Ni, Allah gafarta Malam?"

"Awo, kai. Ba kai ka kawo magana ba?"

Dikko ya tafi. Idon kowa na kan wayar nan mai faɗin faifai. Ni addu'ar da ban ja ba a zuciyata ita ce wadda ban sani ba, don har ga Allah ban tabbata ƙaton nan ba zai ɓullo a ciki ba. Tsakar gidan na nan fayau, ko kaza ba ta gifta ba. Can sai ga Dikko ya dawo, gumi sharkaf, riga a kafaɗa.

"Kun gan ni?"

"Ko ƙurarka ba mu gani ba," in ji ni, bakina ya riga hankalina.

Ya harare ni. Ya ce ai wataƙila hoton bai iso ba tukuna, a jira zuwa gobe, kuma kafin nan a rufe ajin. Liman ya shafa gemu. Sai ya ce a nuna masa nasa gidan.

Malama ta matsar da hoton. Liman ya kawo shi kusa da ido, ya bi katanga da yatsa, ya tsaya a kan wani soro da ke da jan tabo shimfiɗe a samansa.

"Mi ne wanga ja?"

Malama ta ce ba ta sani ba. Ya shafa jan tabon da yatsa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauya.

"Barkonon Ruwaida ne. Nan take shanya shi duk kaka, ina ta yi mata faɗan hawan tsani."

Ɗakin ya yi sanyi. Inna Ruwaida matarsa ce, ta rasu shekara uku ke nan, kuma kowa ya san tun daga lokacin ba wanda ya sake hawa soron nan. Munka ce Allah ya jiƙanta. Ya amsa, ya cire tabarau ya goge da bakin rawani.

"Dikko, hoton da ke da barkonon Ruwaida ba na gobe ba ne, ba na yau ba. Ba mai leƙen iyalinka. Tafi ka yi wanka." Ya dubi Malama. "Ku ci gaba da karatunku, Allah ya yi albarka."

Alhamdu lillahi! Wata ajiyar zuciya da na sauke sai da ta kusa da ni ta waiwayo. Na ji kamar in rangaɗa guɗa, kunyar Liman kawai ta hana ni. Nasiha ta sunne kai a mayafi, na zungure ta da gwiwar hannu, ta rama.

Malama ta miƙe za ta fara darasi, ta miƙa hannu wajen wayarta, sai ta janye. Liman na nan kan dakali, ya juya mana baya, wayar na bisa cinyarsa, yatsansa a kan soron. Ba wadda ta iya cewa ya bayar. Malama ta waiga cikin ɗakin, ta dafa ƙyaure ta ce "door". Munka amsa a hankali, don kada mu dame shi.