Aduwar da ke kusurwar gonar Talle

Shekarar da aka samu mulkin kai gujiya ta yi daraja a Maijirgi. Kamyo, babbar motar kaya, na zuwa daga Tasawa yana kwasa, sai kowa ya tuna yana da gadon gona. A lokacin ne Ishaƙu ya tuna ƙanensa Talle makaho ne.

Hamsatu matar Talle ta ji maganar a bakin rijiya, ta taho gida tulunta rabi. Wai Ishaƙu ya je gaban mai gari ya ce wanda ba ya ganin iyakar gonarsa bai kamata ya riƙe gona ba, a ba shi ya riƙa masa, shi kuma Talle a kai shi wurin sarkin makafi a Tasawa. Shekara nawa mutumin nan yana huɗa da hannunsa, lokacin da ba a shuka komai sai hatsi, ba wanda ya ce uffan!

Tun yana yaro agana ta ɗauke wa Talle ido, amma bai taɓa riƙe sandar jagora ba. Tafiya yake yana buga harshe a ganɗa, taƙ, taƙ, yana karkata kunne. Ya taɓa gaya mata a tsohon rumbun ubansu ya koya, inda birbirai, wato jemagu, ke kwana. Yana jin su suna tsuwa cikin duhu suna shawagi, ba wanda ke karo da bango. Sai ya ce a ransa, kukan nan jifa ne, bango ke maido musu. Ya gwada da nasa harshen. Katanga ta amsa da ƙarfi, itace ya amsa a warwatse, fili kuwa ya haɗiye sautin.

Mai gari Sanda ya ce a gwada. Talle ya zagaye iyakar gonarsa shi kaɗai gaban dattawa, in ya kauce gona ta koma hannun wansa.

Bayan la'asar sakaliya aka taru. Hamsatu ta biyo su da ƙwaryar wanke hatsi a hannu, don ko ajiye ta ba ta tsaya yi ba.

"Ɗan birbiri, a yi mana kukan mu ji," in ji Ishaƙu.

"Yaya, kai da ke da ido biyu, bara jakinka ka nema kana bisa kansa," in ji Talle. Dattawa suka yi dariya, Ishaƙu bai yi ba.

Talle ya kama hanya daga gindin gawo. Taƙ, taƙ. Ya bi layin gamba har tsohon suri, ya karya kwana ba tare da ya taɓa shi ba. Rana ta yi ƙasa, birbirai sun fito suna kaiwa da komowa bisa kawunansu, suna cafke ƙwari a iska. Ya doshi kusurwar gabas, inda aduwa ke raba gonarsa da ta Ishaƙu. Ya buga harshe. Ya sake bugawa. Ya tsaya cik.

Hamsatu ta ɗaga kai ta duba. Babu aduwa. An sare ta har ƙasa, an tura rairayi bisa kututturen, an share sawu da reshe.

"Ina aduwa?" in ji Talle.

"Kun gani? Ya ɓata," in ji Ishaƙu.

"Wa ya sare ta?" in ji Hamsatu. "Ranka shi daɗe, shekaranjiya na tsinci ƴaƴanta a nan!"

Dattawa suka duƙar da kai. Duk sun san itacen, wasunsu sun sha inuwarsa. Mai gari ya gyara rawani ya ce ba shari'ar itace aka zo ba.

Hamsatu ta ratsa gonar, ta tone rairayin da ƙafa har kututturen ya fito fari, ta hau kansa, ta ɗaga ƙwaryar sama da hannu biyu, bakin ƙwaryar na fuskantar mijinta.

"Wannan ha'inci ne!" in ji Ishaƙu.

"Ban kira shi ba, Yaya. Itace ba ya magana, ni ma na yi shiru."

Talle ya buga harshe, ya juya kai hagu, ya juya dama. Ya sake bugawa, ƙwaryar ta maido masa da sautin, sai fuskarsa ta saki. Ya taho sannu a hankali har ya tsaya taku ɗaya gabanta, ya karya kwana, ya bi iyaka ya koma gindin gawo.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce gona ta Talle ce. Batun aduwa kuwa, tsakanin wa da ƙane ne, a bar wa zumunci.

"A bar wa zumunci?" in ji Hamsatu, tana bisa kututturen har yanzu. "Da ya kauce, zumuncin ne zai ciyar da mu? To itacen namu ne, a gonarmu ya tsiro. Yaya, ka gaya wa matarka kar ta sa ko ƙirare ɗaya a murhu. Gobe da hantsi zan zo da jaki in kwashe abinmu."