Bugun Bango

Sandar ta sake sauka a bango, kafinta ya dangwarar da kofin shayinsa. Kullum safiya haka tsohuwar ɗakin kusa take yi, wadda 'yan gidan hayar ke kira Mai Saƙa. Sai ta yi ta bugu har matarsa ta haɗiye ƙwayarta, ta mayar mata da bugu ɗaya.

Tun da aka cire wa matar nono saboda ciwon daji, likita ya ce ƙwaya kullum, shekara da shekaru, don kada ciwon ya dawo. Ita kuwa ta gaji: gwiwa ciwo, zufa ba dalili. Kafinta ya goya mata baya. A ganinsa, an yanke ruɓaɓɓen wuri, magana ta ƙare.

Ya zura takalmi ya tafi ya ce wa tsohuwar ta sakar musu bango. Ya same ta kwance, ta rame ƙwarai, zare a gefe, sanda a ƙirji. Bai yi kwana-kwana ba, ya ce matarsa ta warke.

"Ni ma na warke, ɗana," in ji ta. "Ni na sallami kaina. Sauran maganina a shara na zuba. Yanzu ga dajin a ƙashina." Ta dube shi sama da ƙasa. "In ka yanke inda gara ta ci, ba ka shafa wa sauran katakon magani?"

Ya san yana shafawa. Ya durƙusa ya gyara mata ƙafar gadon da ke rawa, ya fita. A satin ya raka matarsa asibiti, ya ce ta faɗa wa likita maganar gwiwa, amma ƙwaya babu fashi.

Bugun ya yi ta rage ƙarfi, har sai sun kasa kunne suke ji. Da tsohuwar ta rasu, ɗanta ya zo kwashe kaya, kafinta ya ce a bar masa sandar.

Da gari ya waye, gidan shiru. Matar na zaune bakin gado, kwalbar magani a cinya, ba ta buɗe ba. Ya dube ta, ya ɗauki sandar, ya zaga zuwa ɗakin tsohuwar, inda babu kowa sai guntun zare a ƙasa. Ya buga bango. Ya tsaya yana jira.

Daga can ɓangaren, bugu ɗaya.