Lasisin Darar Baba

Rabi'a ta hana dara ne a ranar da na'urar awon sukari ta nuna mata a jinin mahaifinta abin da ko a saidaliyya, kantin maganin da take aiki, ba ta cika gani ba. Mahaifinta, Malam Bakri, tsohon tela ne da ya ajiye keke, kuma kullum bayan La'asar shi da abokansa sukan zauna ƙofar gida a unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki, su tona gurabe a ƙasa, su buga dara da ƙwallayen dabino. Wanda aka cinye ya ba da dabino cikin tafi. Baba kuwa ba a cinye shi.

"Halas, Baba," in ji ta. "Daga yau mamnu', an hana."

"To, gwamnati," ya ce.

Ƙofar gida ta yi tsit. Baba ya koma mutumin kirki, har abin ya soma ba ta tsoro. Yana fita La'asar da carbi, ya dawo Magariba aljihu fayau, ta laluba ba ko ɓawo. Amma sukarin sai hawa yake. Ta canja magani, ta hana shinkafa, ta yi kuka a banɗaki. In aka ci gaba a haka, idonsa ne zai fara tafiya.

Mijinta Abdulazeez malamin tarihi ne a jami'a. Ya daɗe yana rubutu a kan gidajen cacar Sinawa a Hong Kong zamanin mulkin Ingila, rubutun da har yanzu ba a samu mai karantawa ba, ciki har da matarsa. Wata safiya yana shan shayi ya ce, "Kin san Turawa ma sun hana?"

"Dakta, don Allah ba yau ba."

"Da suka hana, caca ba ta mutu ba. Ta koma ɗakin baya, 'yan sanda suka yi ƙiba. Sai wani gwamna ya ce a ba su lasisi, su yi a gabanmu, mu ga komai."

"Baba ba Basine ba ne."

"Mutum ne dai. Ki bi shi yau."

Ta bi shi. A bayan wata tsohuwar gonar dabino ta same su a inuwa, su huɗu, an gama wasa. Baba na zaune da tulin dabinon ajwa a cinya, yana turawa baki bibbiyu, ido ya yi ja, abokinsa Abdulƙarim mutumin Chadi yana ƙarfafa shi: "Yalla, ya Bakri, haɗiye, an kusa kiran salla!"

A da, in ya ci, yakan shigo da su gida, jikoki su wawashe, ya tsira da ɗaya ko biyu. Yanzu da aljihu ya zama wurin bincike, ba inda zai ɓoye shaida sai cikinsa.

Dariya ta ƙwace mata kafin faɗan ya iso. Baba ya so ya yi bayani, baki bai ba shi hanya ba.

Washegari aka buɗe dara a tsakar gidanta, a kan yashin da ta sa aka zubo. Ta kafa sharuɗɗa tana tsaye: a yi a gabanta, shayi ba sukari, duk abin da Baba ya ci ya shiga kwanonta, ita za ta ba shi rabonsa.

"Kuma wannan caca ce, ku sani," ta ce.

"A'uzubillahi!" in ji Abdulƙarim. "Kyauta ce, 'yata. Muna dai bai wa wanda ya fi mu wayo."

Baba ya cinye su sau uku a jere, yana waƙa ƙasa-ƙasa kamar da can a kan keke. Kwano ya cika. Ta miƙa masa biyu, ya karɓa da hannu biyu, ya ci a hankali, yana lumshe ido.

"Sauran fa?" Abdulƙarim ya tambaya.

"Na gwamnati ne," ta ce, bakinta cike.

Abdulazeez ya leƙo ta taga. "Su ma Turawan, a nan ne kunya ta kama su. Kuɗin lasisin ya yi yawa, suka rasa sunan da za su ba shi."

"Koma ɗaki, Dakta," in ji Baba, yana jera ƙwallaye. "Ke kuma matsa, kin tare mini haske. Abdulƙarim, sa hannu."