Fitila Ɗaya Cikin Arba'in

A taƙaice, kamar yadda fayil ya nuna: an ba wani mai zanen gine-gine aikin haskaka zauren ɗakin karatu, kwamiti ya duba, bai gamsu ba. Sauran bayanin bai samu shiga fayil ba.

Shekara biyu mai zanen yana fama da fitilar. Faifan ƙarfe uku ya jera wa kowane ƙwan lantarki, babba da matsakaici da ƙarami, ta yadda duk inda mutum ya zauna ba zai ga ƙwan ba, sai haske kwance a kan takarda. An kuwa riga an shaida masa cewa idan kwamiti ya ƙi, ya kwashe kayansa daga ofis.

Ranar dubawa, saura rabin awa, ya tura ƙofar zauren sai haske ya mare shi. Ƙwai arba'in, duk tsirara. Mai haɗa wuta na bisa tsani yana murmushi.

"Ina fayafayan?"

"Murafan nan? Na cire su, maigida. Haske suke cinyewa."

"Kai, wa ya aike ka?"

"Haba maigida, ai gyara na yi maka!"

Mai zanen ya hau tsanin da kansa. Sau biyu noti yana kuɓuce masa. Fitila ɗaya ya mayar wa fayafayanta, ta lungu, sai ga ƙarar takalman kwamiti.

Shugaban kwamiti yana da hanyarsa ta gwada fitila: ya ɗaga kai ya ƙura mata ido, in hawaye ya zo, ta yi kyau. Talatin da tara suka ci jarrabawa. A lungu ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan ba ta da lafiya ne?"

"Ranka ya daɗe, ita kaɗai ce aikina. A gwada karatu a ƙarƙashinta."

"Fitila muka zo dubawa, ba karatu ba."

Sakatare ya rubuta hukunci: a bar ƙwai yadda suke, an ƙi zanen. Shugaba ya karɓa zai karanta a tsakiyar zaure, takarda ta hau ƙyalli. Ya karkata ta, ya goge ido, ya matsa, ya ƙara matsawa, har ƙafa ta kai shi lungu. Nan ya karanta hukuncin tiryan-tiryan, ko tuntuɓe babu. Mai zanen ya tsaya yana jiran shugaba ya ɗaga kai ya ga fitilar da ke bisansa. Shugaba kuwa biron sa hannu ya nema.

Asarar da aka yi: faifai ɗari da goma sha bakwai, an kai wa masu sayen tsohon ƙarfe; aikin mutum ɗaya; kuɗin tabarau biyu, da ma'aikatan zauren suka saya saboda ƙyallin.