Ɓauren da Aka Binne a Bayan Gida

Mutaru ya yi rabin rayuwarsa yana aikin kafinta a Kumasi kafin ya zo New York ya koma tuƙin tasi, yana jiran fasinja a filin jirgin JFK. Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hawa bene ya gagare shi, shi ya sa shi da matarsa Suweiba suka bar dogon gidan da suke zaune a Grand Concourse suka kama ɗakunan ƙasa a wani tsohon gida, can cikin Bronx. Gidan yana da ɗan fili a baya. Suweiba ta shuka kuɓewa da ayoyo, wato lalo, a jikin katanga, amma Mutaru ta taga kawai yake ganinsu, domin da zarar kekensa na guragu ya sauka daga bakin ƙofa sai tayoyin su nutse cikin laka.

Wata safiya Suweiba ta dawo daga gidan tsohuwar da take kula da ita, ta tarar da shi ya jingina goshi da gilashin taga. Ta ajiye jakarta ta ce, "Malam, na yi magana da mai gidan, ya yarda. Za a shimfiɗa maka dek, wato dandamalin alluna, daga ƙofa har bakin shuka."

Wanda ta samo ya yi aikin shi ne Yacouba, mutumin Damagaram, mai gyaran gidaje. Ya zo da guntayen allo a cikin jaka ya jera su a kan cinyar Mutaru: akwai ruwan toka, akwai mai duhu kamar gasasshiyar gyaɗa, akwai ja-ja. Mutaru ya ɗauki ɗaya da hannunsa mai lafiya ya kai hanci, kamar yadda ya saba tun yana koyon aiki. Bai ji ƙamshin komai ba. Ya ƙwanƙwasa shi a ƙarfen keke, ya juya shi ya dubi bakin yanka. Babu zoben shekaru, babu jijiya.

"Wannan wane itace ne?"

"Baba, ba a daji aka saro shi ba," in ji Yacouba. "Garin katako ne da tsohuwar leda, a narka a haɗa a matse. Gara ba ta cinsa, ruwa ba ya ruɓar da shi, kuma ba sai kun shafa masa fenti ba."

Mutaru ya shafa allon da babban yatsa. Ya tuna tsibin garin katako da suke cinna wa wuta a bayan shagonsu, hayaƙin ya wuni yana cin ido. Ya tuna baƙar leda da ke toshe kwatocin zango duk damina. Abubuwa biyu da kowa ke neman kai da su, ga shi an haɗa su sun zama abin da mutum zai taka ya yi salla a kai. Ya daɗe bai ga abin da ya ɗaure masa kai haka ba.

Suweiba ta so mai duhun. Yacouba ya ce ta sa guntayen a rana tukuna. Da azahar ta taɓa mai duhun ta janye hannu da sauri, ta ce a kawo ruwan tokan. Mutaru kuwa abin da ya dame shi santsi ne, sai da ya sa aka zuba wa guntun ruwa ya goga tayar keke a kai sannan ya amince.

Ranar da aka fara aiki ya sa aka buɗe ƙofar baya ya zauna a bakinta. Yacouba ya ja igiya ya fitar da kusurwa, ya shiga haƙa ramukan da za a zuba siminti a kafa ginshiƙai. Yana kan na wajen tsakiyar fili sai shebur ya bugi wani abu da ya yi ƙara irin ta akwati. Ya share ƙasa a hankali, sai ga tsohuwar ƙofa kwance, an lulluɓe ta da kafet da tamfol. Tsawon abin ya kai na mutum. Yacouba ya ja da baya yana salati ƙasa-ƙasa, Suweiba ta dafe ƙirji.

"Ɗaga mu gani," in ji Mutaru.

Da aka ɗaga ƙofar sai ga dogon rami cike da busassun ganye, a cikinsa itace kwance, an ɗaure rassansa da igiya kamar damin kara. Gindinsa na nan a ƙasa, an sassare saiwar gefe ɗaya an tanƙwara shi ya kwanta. Yawancin rassan sun yi baƙi. Amma daga wajen gindi wasu siraran tsiro farare fat sun fito, sun yi ta rarrafe a ƙarƙashin ƙofar suna bin inda ɗan haske ke shigowa ta tsagar katako.

Maƙwabciyarsu, wata tsohuwa 'yar asalin Italiya da ba ta cika magana da kowa ba, tana shanya a bayan nata gidan. Da ta leƙo ta saman katanga ta ga ramin, sai ta saki rigar da ke hannunta ta rufe baki. Ta yi musu bayani da Turanci a hankali. Ɓaure ne. Tsohon da ke gidan a da ya taho da reshensa daga ƙauyensu cikin aljihun kwat tun yana saurayi. Itacen ba ya jure sanyin garin nan, don haka duk ƙarshen kaka sai ya kwantar da shi ya binne, idan ɗumi ya dawo ya tono shi ya miƙar. A hunturun da ya rasu ya riga ya binne shi, 'ya'yansa suka sayar da gida ba wanda ya tuna. Wani hunturun ma ya zo ya wuce itacen yana kwance.

Mutaru ya ce a kai shi. Yacouba ya shimfiɗa alluna biyu a kan laka ya turo keken har bakin ramin. Mutaru ya sunkuya iya yadda jikinsa ya bari, ya sa farce ya kankare ɓawon wajen gindi. Ƙarƙashinsa kore shar, sai ga ɗigon farin ruwa kamar nono ya taru a wurin. Ya tsaya yana kallon ɗigon. Shi da ya sha yanka manyan itatuwa ya mai da su kujeru da ƙofofi, bai taɓa jin an binne itace da rai don a tsirar da shi ba, balle ya yi wannan zama cikin duhu, ba ruwan sama a ganyensa, ba wanda ya san yana nan, amma bai daina neman hanya ba. "Tsarki ya tabbata ga Allah," ya faɗa.

Yacouba ya ce, "Baba, daidai nan ne ginshiƙin tsakiya zai zauna. In kun ce a cire, yanzu zan cire."

"Ginshiƙin ne zai matsa."

Tare suka sake tsarin. Mutaru ya zana shi a bayan kwalin sukurori da fensir: a ƙara ginshiƙi, a ninka azara ta kewaye wurin, a bar wa itacen fili mai kusurwa huɗu da zai ishi kaurinsa nan gaba. Yacouba ya gyara masa inda awon bai dace da irin wannan allo ba, don allon yana son azara kusa da kusa, in ba haka ba ya lotsa. Suka datse matattun rassa, suka miƙar da gangar da igiya, suka tokare ta, maƙwabciyar tana nuna musu ta saman katanga yadda tsohon ke danne ƙasar gindin da ƙafa.

Shimfiɗa allunan ma wani abin kallo ne. Babu ƙusa ko ɗaya da ta fito fili, wasu ƙananan maƙalai ne ke shiga tsagar gefen allo su riƙe shi da azara. A bakin kowane allo Yacouba yana barin 'yar tazara. Mutaru ya tambaye shi dalili, ya ce allon yana miƙewa da zafin rana ya koma da sanyi, in aka matse shi sai ya kumbura. Mutaru ya gyaɗa kai. Katakon da ya sani ta faɗi yake motsi idan ya sha ruwa, wannan kuma ta tsawo idan ya sha rana.

Da aka gama, shi da kansa ya tura kekensa daga ɗaki har bakin kuɓewar Suweiba, ba tangarɗa ko ɗaya. A nan yake shan hantsi. Fararen tsiron suka yi kore cikin 'yan kwanaki, kafin tsakiyar bazara ganye masu faɗin tafin hannu sun fara yi masa inuwa a gwiwa. Ɓauren bai yi 'ya'ya a shekarar ba. Maƙwabciyar ta ce sai ya huta tukuna.

Da ganye ya zube, sanyi ya fara cizo, sai batun binnewa ya taso, ga shi dek ya rufe wurin ramin. Tsohuwar ta zagayo ta ƙofar gaba, karonta na farko a gidan tun rasuwar maƙwabcinta, ta koya wa Suweiba ɗaya hanyar. Suka tattara rassan suka ɗaure, suka naɗe itacen a tsaye da tsofaffin barguna da zannuwan da Suweiba ta daina ɗaurawa, suka rufa tamfol, suka kifa masa bokiti a ka don kada ruwa ya shiga. Mutaru yana riƙe da bakin igiya yana cewa su sassauta kaɗan. Da suka gama Suweiba ta shiga ta ɗora shayi, ta ce wa tsohuwar kada ta tafi sai ta sha.