Takalman Bakanike

An yi wa bakanike aikin ƙugu, aiki ya yi kyau, ɗinki ya kama. Matarsa har ta naɗe tabarma ta ɗaure kwanuka, sai ga likita ta shigo, fuska ba walwala.

"Baba, sallama ba yau ba. Jinin da muka ɗiba ya nuna zuciyarka ta ji rauni wajen aikin."

"Ƙugu kuka yanka ko ƙirji?" in ji shi. "'Yar nan, da kunne na ci abinci har na tsufa. Inji in zai lalace, sai ya yi ƙara. Nawa shiru yake."

"Maganin ciwon da muke ba ka ne ya rufe masa baki. In naman zuciya ya ƙuje, akwai abin da yake zubarwa cikin jini. Naka ya hau sosai. Masu irin wannan, wasu lafiya lau suke tafiya gida, wata bai cika ba a dawo da labarin rasuwarsu."

Matar ta dube shi. Ta san halin mutuminta: ya ce e, ko sama za ta faɗo ba ya komawa a'a. Tun aurensu ba ta taɓa tsallake maganarsa ba, har maƙwabta na yi mata tsiya wai da izininsa take atishawa.

"Baban yara," ta ce a hankali, "kai ba ka murza baƙin mai a yatsa ka ji garin ƙarfe ka hana mutum motarsa ba? Ita ma ai shiru take."

"Ke kuma yaushe kika zama ƙaramar likita? Miƙo min takalmina."

Ta sunkuya ƙarƙashin gadon. Takalman na nan, duk tabon mai, dunduniyar hagu ta cinye. Ta ɗauka, ta dube su, ta tura cikin jakarta ta ja zif.

"Ke! Da ke nake!"

Ba ta waiwaya ba. Ta fita baranda ta zauna kan benci, jaka a cinya. Tana jin faɗansa ta cikin ƙofa, har murya ta dushe.

Da aka turo na'urar duba zuciya aka manna masa wayoyi a ƙirji, ya juya fuska bango don kada su haɗa ido da matarsa. Ta koma ɗakin ta kwance kwanukan. Fushin nan ta yarda ta sha shi, in dai mai shi yana numfashi.