Ranar da Kan Gajere Ya Tsaya

Ni ne Mainassara mai hoto, na Dungas. Je ka Mallawa ko Sasumburum, ka tare duk dattijon da ka ga dama ka ce ya nuna maka tsohon katin dantite ɗinsa, na shaidar ɗan ƙasa, fuskar da ke ciki daga akwatina ta fito. Ban taɓa zama a lakwal na yi boko ba, amma na hana kwamandan jandarma ƙifta ido, kuma ya hanu. Yunwa ta kwashe sa'o'ina ta bar ni. Mota ta kife da mu a hanyar Kano, aka jawo ni daga ƙarƙashin buhunan gyaɗa rungume da akwati, ko gilashinsa bai tsage ba. Da wayar salula ta zo, masu hoton kasuwa duk suka ba matansu akwatunan aka hura wuta. Nawa yana nan.

Akwatin katako ne mai ƙafa uku. A gaba gilashi, da murfin gwangwanin tumatir a kansa. A gefe na ɗinka ƙafar baƙin wando, ta nan nake zura hannu, don komai cikin duhun akwatin ake yinsa. Nan takarda take, nan 'yan tasoshi biyu suke: ta farko ruwan da ke fito da hoto, ta biyu ruwan da ke ɗaure shi kada haske ya cinye. A sama akwai 'yar ƙofa mai jan gilashi da nake leƙawa. Sharaɗin akwatin ɗaya ne. In na cire murfi, mutum ya ƙame har in gama salati.

To, wanda ya zo nemana bayan kaka, ran kasuwar Dungas, shi ne mutumin da duk ƙasar nan ya fi kowa kasa ƙamewa.

Gajere taubashina ne, maharbi. A zamaninsa yakan laɓe a gindin sabara har tsuntsu ya sauka a kafaɗarsa. Yanzu ciwon rawar jiki ya kama shi, kai na kaɗawa, hannu na kaɗawa, likita a Magarya ya ce sai dai lallaɓawa. Bara a wajen wani suna, wani ɗan banza ya ɗauke shi a salula yana kokawa da ludayin fura, ya ɗora kiɗa a kai, abin ya zaga har Najeriya. Tun ranar Gajere ya rantse salula ba ta ƙara kallonsa. Ɗansa Auwalu ma a gidan maƙwabta yake barin tasa.

Ya tsayar da amalanken jakinsa a ƙofar gidana ya ce, "Kai, makahon mai hoto, akwatin gawarka yana nan?"

Na ce, "Yana nan, yana jiran ka. Me ya fito da kai da wannan kai naka mai cewa a'a ga kowa?"

Bai yi dariya ba. Ya sauko da ƙyar, ya zauna a dakalina, ya riƙe hannunsa na dama da na hagu.

"Daso nake so ka yi wa," in ji shi. Daso matarsa ce, ita kaɗai tun auren fari. "Ita ke ba ni abinci a baki yanzu. Tana share mini haɓa. Mainassara, na lura da yadda take dubana, kamar jinjiri. Ta manta yadda nake. Ina so ta riƙe abu ɗaya da nake tsaye cik a ciki."

Da mai hankali ne ni, da na ce masa akwatin nan ba ya ɗaukar abin da ke motsi. Amma ni Mainassara ne. Na ce, "Na ɗauki raƙumi yana tuƙa ya fito sarai, balle kai."

Na jawo gwangwanin takardu daga ƙarƙashin gado. Huɗu suka rage a duniya, a iya sanina. Wanda ke sayar mini a Kano ya rasu, shagonsa cajin salula ake yi a ciki yanzu. Na kaɗa sauran garin magungunan da ruwa. Na biyun, mai ɗaure hoto, ya yi rawaya, ya dunƙule, na ce ai tsufa ne, ni ma na tsufa kuma ina aiki.

Gajere ya ce ba a gari za a yi ba, yara za su taru. Washegari muka tafi gonarsa da ke bayan ƙauyensu, hanyar Mallawa, mu biyu da jaki, da akwati, da bokitin ruwan ɗauraya. Ya sa tsohuwar rigar farautarsa mai layu, ya ɗauko baka.

Tun wajen kafa akwatin abin ya fara. Gonar rairayi ce, in na daidaita ƙafa biyu sai ta ukun ta nutse. Sai da na cire takalmana na tokare ta, na tsaya ba takalmi a ƙasa mai zafi. Na tsayar da Gajere a gindin gawo, na cire murfi, na yi salati, na rufe. Na zura hannu, na tsoma takarda, na leƙa. Baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

"Ya na fito?" in ji Gajere.

"Ka fito da dare."

Na duba akwatin ta ko'ina sai ga aikin gara, 'yar huda a ƙasa, haske na shiga abinsa. Akwatin da mota ta kasa! Na tauna goro na liƙe wurin.

"Wannan karon," na ce, "sai mun ɗaure ka."

Ya dube ni, ya dubi gawon, ya kwance rawaninsa da kansa ya miƙo mini. Na zagaya da shi ta goshinsa na ƙulle a bayan icce, na ja hularsa ta rufe. Ina ƙullawa ina jin rawar tana bin rawanin tana shiga hannuna. Na sha ɗaure jarirai a kujera don hoto, ban taɓa jin kunya ba sai ran nan.

"Ƙame!"

Wallahi ya yi ƙoƙari. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya keto. Amma ciwon nan in ka matsa masa ƙaruwa yake.

Abin da ke fara fitowa daga akwati mu uwa muke ce masa: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari, sai an sake ɗaukar uwar a wata takarda kafin a samu hoton kirki. Na ciro uwar. Rigar ta fito, kowace laya da ɗinkinta. Ɓawon gawo ya fito. A saman wuya kuwa hayaƙi ne kawai.

Na so in ɓoye, ya fizge. Ya daɗe yana kallo, takardar na karkarwa a hannunsa. Sannan ya kife ta a ƙasa ya tura mata rairayi da ƙafa.

"Kwance ni," ya ce.

Ina kwance shi muka ji ƙarar bokiti. Jakin ya tsinke, ya shanye ruwan ɗauraya, ya kifar da sauran. Na bi shi da kara ina zagin kakanninsa, ƙaya ta shige mini tafin ƙafa. Gajere ko juyowa bai yi ba. Ya zauna a saiwar gawon, baka a cinya, kai na ta kaɗawa.

Saura takarda biyu, ɗaya ta uwa, ɗaya ta hoto. Na ɗora ta ukun a mazauninta, na juyo akwatin wajen da yake zaune na daidaita, don kawai kada in tsaya hannu sake. Na riƙe murfin na kasa cirewa. Ba ni da wata dabara. Ni da na yi wa ƙasar nan kaf hoto, na tsaya da ƙaya a ƙafa ina kallon taubashina, ba abin da zan iya yi masa.

"Bar shi," in ji shi. "Mu tafi gida."

Sai karan gero ya yi motsi ta hagunsa. Fakara ce, ta fito tana tsince-tsince, ko a jikinta.

Ban ga lokacin da abin ya faru ba, na dai ga ya faru. Gajere ya karkata kai, ido ya ƙanƙance, yatsu suka sami tsarkiyar baka. Ya tsaya cik. Layun ƙirjinsa ma sun daina motsi. Mutumin da na sani tun muna samari ne zaune a wurin.

Na zare murfin a hankali. Ban taɓa salati da tsoro irin na ranar ba. Na rufe, fakara ta tashi firr, kai ya koma kaɗawa.

"Da da kibiya a hannuna," in ji shi, "da Daso ta yi miya yau."

Ni dai hannuna na cikin akwati. Uwar ta fito, kuma ko a juye na san abin da na kama. Na manna ta a ɗan allon da ke gaban gilashi, na ɗora takardar ƙarshe. A nan na lura gefen uwar ya fara dushewa, wani toka-toka na cin ta daga waje zuwa ciki. Ruwan ɗauri ya mutu. Ta farko baƙa ce dama, ta biyu Gajere ya binne, shi ya sa ban gane ba. Na cire murfi, na rufe, kafin in gama tsoma takardar ƙarshe uwar ta tafi.

Na leƙa ta jan gilashi. Ga Gajere yana tasowa daga cikin ruwa, gira, gemu, tsagen kumatunsa, idon nan. A duk hotunan da na yi, da na kwamanda da na alhazai, babu kamarsa. Kuma in ya fito haske, ya mutu.

Na ce, "Zo ka leƙa."

Ya kafa ido, goshinsa na bugun katako ƙwas-ƙwas, na riƙe masa ƙeya. Ya ɗago, sai ya gyara hularsa. Na gaya masa gaskiyar maganin.

"To a kai mata a cikin akwatin," ya ce.

Jakin da ya sha ya ƙoshi tafiya yake kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Na rungume akwatin a kan amalanke, na lulluɓe shi da rigata, babban yatsana a kan liƙin goro har muka isa.

Daso na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ce, "Mai hoto, ina ka kai mini Malam cikin wannan rana? Ko ruwa bai sha ba."

"Matarmu, ajiye rariyar nan ki zo ki ga abin mamaki."

Na kafa akwatin, na nuna mata ƙofar. Ta leƙa da dama, ta leƙa da hagu. Idonta ya yi yana, ni ban sani ba.

"Ja kawai nake gani," ta ce. "Mene ne a ciki?"

"Fito mata da shi," in ji Gajere.

Na ce, "Tsaya tukuna. A kira Auwalu ya kawo salularsa. Ina fitarwa ya ɗauka, shi ke nan ya zauna har jikoki." Ni, Mainassara, da bakina na roƙi salula.

"Na rantse," in ji Gajere.

"Ba kai za ta kalla ba, takarda ce!"

"Wane ne a takardar?"

"Gajere, don Allah. Ba ni da wata. Babu wata ko'ina."

"Ba don jikoki na yi ba," ya ce. "Ba ta."

Na zura hannu na ciro shi yana ɗiga. Na ce mu shiga ɗaki, ta shiga, ta kai shi kusa da hanci, ta ce duhu. Ta fito bakin ƙofa. Ta ƙara taku ɗaya, cikin rana sosai. Na buɗe baki in hana ta, na rufe, don a nan ne kaɗai idonta zai gani.

Ta gani. Na ga lokacin da ta gani, don ta kai hannu ta ja mayafinta ta rufe kai, kamar baƙo ya shigo.

"Me yake kallo haka?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Fakara."

"Ya same ta?"

"Ba kibiya."

"Da ya same ta," ta ce.

Gawon ya fara tafiya, sannan rigar da layunta. Fuskar ta ɗan jima. Ta sa gefen zane tana gogewa, tana tsammani datti ne, na ce bari, ba ya gogewa. Ina tsaye da hannuwana biyu har takardar ta koma launin toka, daga nan ta yi baƙi.

Daso ta shiga ɗaki da ita, na ji ƙarar murfin kwalla. Ta fito da ƙwaryar fura, ta durƙusa gaban Gajere yadda ta saba, ta cika ludayi ta nufi bakinsa. Sai ta tsaya. Ta mayar da ludayin cikin ƙwarya, ta juya masa mariƙin, ta koma wajen tankaɗenta.

Ya ɗauka. Rabi ya zube a rigar farauta, rabi ya shiga. Ba ta juyo ba.

Ni ba wanda ya ba ni ko ruwa. Na zauna a turmi ina cire ƙaya, na dawo Dungas a kabu-kabu da akwatin da ba sauran abin sa masa. Masu shayi a tasha in na ba su labarin sai su ce, to Baba, ina hoton? Mu uku muka gan shi. Ku je ku tambayi Daso.